Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ganyen Kaka a Sakkwato, da Yadda Ake Yanke Shi

Duk shekara idan Oktoba ta kama, hotunan dazuzzukan Kanada da Japan da arewa maso gabashin Amurka sukan cika mana waya: icce ja wur, na kusa da shi rawaya, hanya ta rufe ruf da ganye. Wata rana ƙanena ya miƙo min irin wannan hoton ya ce, "Yaya, mu dai ba mu da abin ɗauka, daga kore sai ƙura." Na ce ya shirya, gobe bayan sallar asuba mu fita fadamar Kwalkwalawa. Abin da na nuna masa a ranar, da abin da hotunan da na ɓata suka koya min, su zan jera a nan.

A can, gajartar yini da sanyi ke sa icce ya daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai rawayar da ke ɓoye ta fito, wasu itatuwan kuma su ƙara da ja. Mu a nan ƙishirwa ce ke yin aikin. Da ruwa ya ɗauke, ganyen kuka da na danya sukan yi rawaya su fara zuba, kan kyasuwa ya yi jaja-jaja, gamba da karan gero su koma ruwan zuma. Gawo kuma ya yi nasa halin na saɓa wa kowa: ya shafe damina tsirara, yanzu da kowa ke tuɓewa shi yake sa sabon ganye. Launinmu ba ya cika fili kamar nasu, a warwatse yake, tsakanin turakun lantarki da ledoji da filin Allah. Shi ya sa rabin aikin a wurinmu yankewa ne, wato sanin abin da za ka bari a hoto da abin da za ka fitar.

Kayan aiki

Waya ta isa. Duk wadda kyamararta ta kai megafiksel 12 za ta yi. Idan kana da babbar kyamara, ƙaramin gilashin da ta zo da shi, mai milimita 18 zuwa 55, ya wadatar, mai jawo nesa kamar 55 zuwa 200 kuma ya fi shi amfani a wannan aikin.

Tsumma mai laushi na goge tabarau. Kada ka goge idon kyamara da bakin riga, ƙurarmu akwai yashi a ciki, tana kartar gilashi. Ka fara hure shi, sannan ka shafa.

Mariƙi mai ƙafa uku, in akwai. In babu, zuba gero ko wake a tsohuwar safa ka ƙulle bakinta, ka ɗora a kan kujerar babur ko kututture, ka kwantar da kyamara a kai.

Filtar da ke kashe ƙyalli, wadda ake juyawa a gaban gilashi. Ganyen dogonyaro da na mangwaro suna da sheƙi, rana na dukan su sai su fito fari-fari, filtar ke dawo da launin. Wanda bai da ita ya gwada baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli, ya kara shi a idon waya yana juyawa a hankali. Ba kowane baƙin tabarau ke yi ba. Ka duba fuskar waya ta cikinsa kana juya shi, in hasken ya ragu ya dawo, to irinsa ne.

Kwali. Ka yanka gefen kwalin sukari ko na sabulu ka fitar da kusurwa biyu masu siffar harafin L, kowace kamar tsawon tafin hannu. Idan ka haɗa su sukan ba da taga da za ka faɗaɗa ko ka matse yadda kake so. Wannan ba kuɗi, amma ya fi duk sauran kayan koya wa ido yanka.

Sai rufaffen takalmi, dogon wando mai kauri, gorar ruwa da fawa bank. Ranar farko da na shiga ciyawa da silifas da wandon yadi, na fi awa ɗaya ina cire ƙarangiya.

1. Zaɓi mako, sannan ka zaɓi sa'a

Kakarmu gajera ce. Daga tsakiyar Oktoba zuwa wajen tsakiyar Nuwamba ne launuka ke haɗuwa, gwargwadon lokacin da ruwan shekarar ya ɗauke. Bayan nan dabbobi sun shiga gonaki, an sare kara, an sa wa wasu wuraren wuta, masu miya sun shaftar ganyen kuka, hazon hunturu kuma ya fara sauka. In ka ga icce ya yi yadda kake so yau, kada ka ce sai Asabar.

A wannan lokacin rana kan fito wajen ƙarfe 6:30 na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana kan miƙe sama da sauri, don haka hasken nan mai laushi bai fi minti 40 ba. Ka isa wurin tun kafin fitowarta. Ni na fi son safiya a kan yamma: iska ba ta tashi ba, raɓa na kan ciyawa, ƙurar shanu da ta babura ba ta tashi ba tukuna. Daga ƙarfe 9 zuwa la'asar kuwa ka ajiye kyamara, sai dai in ƙarƙashin inuwa za ka ɗauki ganyen da ya zube.

2. Zaɓi wuri, ka yi sallama

Ba sai ka yi nisa ba. Fadamar Kwalkwalawa a hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gefen gulbin Rima ta wajen Wamakko, kewayen tafkin Kware, gonakin da ke bakin hanyar Bodinga ko ta Dange, duk akwai abin ɗauka. Wurin da tudu ya haɗu da fadama ya fi daɗi, domin a nan busasshe da ɗanye suke kafaɗa da kafaɗa. Cikin gari ma, iccen nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa a makarantu da harabar ofisoshi, wanda yara ke fasa ƙwallonsa, ganyensa kan yi ja sosai kafin ya zuba. Ka riƙa leƙa shi idan rani ya shigo.

Halin da ake ciki na tsaro, musamman a gabashin jiha, ba ɓoyayye ba ne. Kada ka kutsa daji, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka tambayi mutanen yankin kafin ka bar bakin titi. Kowace gona da mai ita. Idan ka tarar da shi, "Sannu da aiki, Baba, hoton iccen nan nake son ɗauka" ta isa, sau da yawa ma shi zai nuna maka wanda ya fi kyau. Kada ka saita kyamara ga mata ko makiyayi ba tare da izini ba. Sannan lokacin girbi lokacin macizai ne, kububuwa na son ƙarƙashin tarin kara. Duba inda za ka taka kafin ka durƙusa.

3. Saita kyamara kafin rana ta fito

A waya, shiga saitin kyamara ka mayar da girman hoto 4:3. Mutane da yawa suna barin sa a 16:9 ko cike da fuska don ya fi kyau a ido, alhali wayar yanke sama da ƙasa take yi ta zubar. Hoton megafiksel 12 fiksel 4000 ne a 3000. A 16:9 ya koma 4000 a 2250 tun ba ka ce komai ba. Kunna layukan nan da ke raba fuska gida tara. Kashe filas, kashe duk wata kwalliyar launi.

A babbar kyamara, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, 100 ko 200, buɗin gilashi f/8 idan fili kake ɗauka, f/4 ko f/5.6 idan ganye ɗaya kake so bayansa ya narke. In iska na kaɗa ganye, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, gara ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Ma'aunin fari kuma, wato saitin ɗumi ko sanyin launi, ka cire shi daga na kai-da-kai ka sa shi a hasken rana, wajen 5500K. In ka bar wa kyamara, za ta ga rawaya ta yi yawa ta ɗauka kuskure ne, ta sanyaya hoton, ta kashe abin da ya fito da kai daga gida. Mai iya RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ya ɗauka da shi.

4. Tsaya ta inda haske zai ratsa ganye

An saba cewa a sa rana a bayan mai ɗauka. Wannan na hoton biki ne. Ganye da ciyawa sai haske ya bi ta cikinsu suke kamawa kamar fitila, don haka ka zagaya har rana ta koma gabanka ko gefenka. Ɓoye ƙwayar ranar a bayan gindin icce ko reshe, ko ka yi wa idon kyamara rumfa da hularka, in ba haka ba hoton zai yi fari kamar an watsa masa gari.

A waya, danna kan ganyen ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar haske ƙasa kaɗan. A kyamara rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki (mataki ɗaya shi ne rabin haske ko ninkinsa). Rawaya ce ke fara ƙonewa, kuma abin da ya ƙone ya zama fari ba ya dawowa a gyara, duhu kuwa ana iya ɗago shi. Filtar ƙyalli ta fi aiki idan rana na daidai kafaɗarka, amma tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, ka lura da saurin ɗauka.

In hazo ya riga ka, ba a fasa ba. Hazo kan jera itatuwa sahu-sahu, na kusa baƙi, na baya ruwan toka, na can nesa kamar inuwa. Giginya da goriba sun fi kowa kyau a irin wannan ranar.

5. Yanke da ƙafarka tukuna

Kafin ka ɗaga kyamara, faɗa wa kanka da baki abin da kake ɗauka, a jimla ɗaya. "Koren gawo a tsakiyar busasshen kara." "Ganyen kuka uku da suka rage a reshe." In jimlar ta kai "da kuma, da kuma," hotuna biyu ko uku ne, ka raba su.

Sai ka fito da kwalinka, ka rufe ido ɗaya, ka leƙa ta tagar. Matso da ita kusa da ido, nesanta ta, juya ta tsaye, juya ta kwance. Za ka ga turken lantarkin da idonka ya yafe wa, kyamara kuwa ba ta yafewa. Taku biyu zuwa hagu na iya ɓoye shi a bayan icce. Durƙusawa na iya sa kyasuwa ta rufe ledar da ta maƙale a ƙaya. Ledar da hannunka zai kai, je ka cire ta, ya fi sauƙin goge ta a waya.

Matsawa da ƙafa da jawowa da gilashi ba abu ɗaya ba ne. In ka matsa kusa, na gaba zai girma na baya ya ƙanƙance. In ka ja baya ka jawo da dogon gilashi, itatuwan da ke warwatse sai su matso juna, fili mai itatuwa biyar ya yi kamar kurmi. Wannan dabarar ce ta fi yi mana amfani a ƙasa irin tamu. Amma a waya, jawowa da yatsu biyu yanka ne kawai, sai fa in wayar na da ido na biyu na nesa, mai alamar 2x ko 3x. In ba ta da shi, ɗauka a yadda take, ka yanke a gida da hankali kwance.

Sama kuma, in fara ce fat babu gajimare, rage ta ko ka fitar da ita gaba ɗaya. Ido na bin wuri mafi haske ne, farar sama za ta janye shi daga ganyen.

6. Bar gefe, ka ɗauki tsaye da kwance

Idan ka sami tsarin da kake so, ja baya taku ɗaya ka bar ɗan sarari a kowane gefe, kamar yadda tela ke barin yadi a ɗinki. Miƙe hoton da ya karkace na cin gefe, sauya siffa ma haka. Ɗauki kwance, juya ka ɗauki tsaye. Daga baya za ka gode wa kanka.

7. Tace a gida

Kada ka yi zaɓe a cikin rana, fuskar waya na ruɗi. A inuwa, buɗe kowane hoto ka faɗaɗa shi ka duba ko ganyen ya fito tas. Wanda ya girgiza, share. Cikin hamsin in ka sami biyar, fitar ta yi riba. Yi kwafi kafin ka taɓa, asalin ya zauna yadda yake. Snapseed kyauta ce kuma ta isa, Lightroom na waya ma yana yi, har manhajar hotuna da ta zo da wayar tana yanka.

8. Yankan kansa

Fara da miƙewa. Bakin ruwa ko layin da ƙasa ta haɗu da sama shi ne ma'auni. Kada ka auna da icce, itatuwanmu ba kasafai suke miƙe ba, giginya kaɗai nake ɗan yarda da ita.

Sai ka tambayi hoton siffar da yake so, tun kafin ka tuna inda za ka sa shi. Layin itatuwa a bakin gulbi ko sahun hazo kwance suke so, 3:2 ko 16:9. Giginya, gindin kuka ko hanyar da ta ratsa gona tsaye suke so, 4:5 ko 2:3. Ganyen da ya zube a ƙasa, ko reshe ɗaya, murabba'i 1:1 ya fi karɓar su, domin babu gaba babu baya, zane ne kawai. Kulle siffar a manhaja sannan ka ja kusurwa, kada ka riƙa jan kowane gefe yadda ka ga dama, za ka ƙare da siffar da babu takarda ko firam da zai ɗauke ta.

Yanzu bi gefuna huɗu da ido, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba shinge. Abubuwa uku nake nema. Na farko, ɗigon haske a bakin hoto, kamar ɓular sama a kusurwa ko farin bango. Na biyu, abin da ya leƙo rabi, reshen da ba a ga iccensa ba ko bayan saniya. Na uku, abin da ya taɓa gefe da ƙyar. Wannan na ukun shi ya fi damun masu koyo: kan icce ya je ya shafi bakin hoto daidai. Ko dai ka ba shi sarari ya sha iska, ko ka shiga cikinsa sosai ka yanke kashi ɗaya cikin uku na rassan, kowa ya san da gangan ka yi. Haka gindi: kada ka yanke shi daidai inda ya shiga ƙasa, iccen zai zama kamar yana reto. Bar masa ƙasar da zai tsaya a kai, ko ka yanke can sama.

Layukan nan na gida tara suna taimakawa. Ɗora iccen a kan layin hagu ko na dama, layin ƙasa da sama kuma a na sama ko na ƙasa. In ciyawa ce mai kyau, ba ta kashi biyu, sama ɗaya. Amma ba farilla ba ne. Tsohuwar kuka mai faɗin gindi, ko icce da inuwarsa a ruwan tafki, a tsakiya suka fi zama daram. Icce in ya sunkuya, ko iska ta kwantar da ciyawa gefe guda, bar sararin ta inda suka nufa.

Hoton da na fi so daga waccan fitar da ƙanena, a asali akwai gawo a dama, kuka a hagu, garken shanu a tsakiya, sama rabin hoto. Na so in riƙe duka don kowanne na sha wahalarsa. Sai da na kwana biyu sannan na yarda na fitar da kukar da yawancin saman, na mayar da shi 4:5, ya rage gawo kore shar da karan gero a ƙarƙashinsa da saniya biyu a inuwa. Ƙanena ya ce an yi asarar kuka. Ita ma na yanke mata nata hoton daban daga wani da na ɗauka a tsaye.

Sai lissafin fiksel, wanda ba a tsallake shi. In ka yanke rabin faɗi da rabin tsawo, ba rabi ka zubar ba, kashi uku cikin huɗu ne: 4000 a 3000 ya koma 2000 a 1500, megafiksel 3 kacal. Wannan ya isa Facebook da WhatsApp, ya isa ƙaramin kati mai inci 4 a 6 da ke buƙatar 1200 a 1800, amma bai isa mai inci 8 a 10 ba, wanda ke son 2400 a 3000 in ana so ya fito tas. In kuma kana son na sitatus, 9:16, daga hoton kwance, abin da zai rage maka bai kai 1700 a faɗi ba, wato ka zubar da fiye da rabi. Nan ne wanda ka ɗauka a tsaye zai cece ka.

Idan ka rasa tsakanin yanka biyu, ajiye duka, ka duba su ƙanana a jerin hotuna. Wanda aka gane abin da ke ciki tun yana kamar kan sarki, shi ne.

9. Launi, kaɗan

Bayan yanka, ba kafinsa ba. Rage wuraren haske, ɗago inuwa kaɗan, ƙara ɗumi in ya yi sanyi. Kada ka ja ƙarfin launi har ciyawa ta koma kamar lemon kwalba. Duk Basakkwace ya san kalar gamba a Nuwamba, zai gane.

10. Aikawa da wankewa

WhatsApp na matse hoto, ƙananan ganye kuma su suka fi shan wahala, sai su dame kamar kunu. In mai wankin hoto za ka aika wa, tura shi a matsayin fayil, ko ka kai a filashi. Kuma ka yanke shi daidai da takardar tun daga gida: inci 4 a 6 siffarsa 3:2 ce, 8 a 10 kuma 4:5, 5 a 7 tasa daban. Na taɓa kai hoton giginya mai 4:3 wani shago na ce a wanke min 4 a 6. Na'ura ta cika takarda da kanta, ta ci gefe da gefe, ganyen da na yi ta lallaɓawa don kada ya taɓa baki ya tafi. In ba ka son a taɓa ko ɗigo, ce wa mai shagon ya bar farin gefe, kuma ka tsaya ya nuna maka a kwamfuta kafin ya danna.